Gaba da Bayan Randar Sarpedon: Nazari a kan Zanen Jar Sura na Tsohuwar Girka

Gabatarwa

Da wuya a buɗe littafin tarihi da ya taɓo tsohuwar Girka ba a tarar da hoton wata tukunya a cikinsa ba: baƙin jiki mai sheƙi, da jajayen mutane a kai, waɗansu na yaƙi, waɗansu na kokawa, waɗansu na busa sarewa. Ɗalibin kwaleji ko lise yakan kalli hoton kamar zanen bango, ya juya shafi. Takarda shimfiɗaɗɗiya ce, don haka ba ta iya gaya masa cewa abin da yake kallo yana da baki da ciki da hannuwa, yana da gaba yana da baya, kuma an yi shi ne don a zuba masa abin sha. Wannan nazari zai tsaya a kan tukunya guda, wadda ake kira randar Sarpedon, da aka gina a birnin Atina wajajen shekara ta 515 kafin miladiyya (K.M.). Abin da ake son nunawa shi ne, darajar zanen da ke jikinta ba ta fitowa sosai sai an karanta shi tare da yumɓun da ke ɗauke da shi, da aikin da aka yi randar dominsa, da kuma wurin da aka ajiye ta. Duk wanda ya raba zanen da ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa uku ya rage masa ma'ana.

Daga baƙar sura zuwa jar sura

Kafin wajajen 530 K.M., maginan tukwanen Atina, waɗanda da yawansu ke aiki a unguwar Kerameikos, suna bin salon da masana ke kira baƙar sura. Mai zane yakan shafe surar mutum ko ta dabba da baƙi a kan jan jikin tukunya, sannan ya ɗauki tsinke mai tsini ya karta idanu da tsokoki da ninkin tufafi. Salon ya kai ƙololuwarsa a hannun wani gwani mai suna Exekias, amma yana da iyakar da ba ya wucewa. Tsinke ba ya son lanƙwasa, kuma layin da ya karta kaurinsa kusan ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Shi ya sa mutanen baƙar sura suka fi kama da inuwa a jikin katanga: suna da kwarjini, amma ba su da nauyi.

A wajajen 530 K.M., a ma'aikatar wani magini mai suna Andokides, aka juya al'amarin. Sai aka shafe filin da ke kewaye da sura da baƙi, aka bar surar da launin yumɓu, aka kuma zana cikinta da siririn buroshi. Akwai tukwanen wannan zamani da aka zana gefe ɗaya da tsohon salo, ɗaya gefen da sabo, wani lokaci ma labarin iri ɗaya ne; masana na kiransu tukwane masu harshe biyu. Sabon salon ya ba mai zane layi iri biyu. Na farko mai kauri ne, yana tashi a kan tukunya har yatsa na iya jinsa, da shi ake fitar da gefen jiki. Na biyu shafi ne da aka sirka da ruwa har ya koma launin zuma, da shi ake nuna tsoka da jijiya da gashi. Da waɗannan layuka ne rukunin matasan masu zane, irin su Euphronios da Euthymides da Phintias, suka shiga gwada abin da ba a saba ba: jiki mai juyawa, kafaɗa mai karkata, ƙafa mai fuskantar mai kallo.

Aikin wuta

Baƙin da ke jikin waɗannan tukwane ba fenti ba ne. Ruwan yumɓu ne da aka tace har sai mafi laushinsa ya rage, mai yawan sinadarin ƙarfe. A lokacin da mai zane ke aiki, bambancin launi tsakanin shafin da jikin tukunya kaɗan ne. Wuta ce ke raba su daga baya. Ana gasa tukwanen a tanderu cikin matakai uku. Da farko a bar iska na shiga, zafi ya kai kamar digiri 800, komai ya yi ja. Sannan a toshe ƙofofin iska, a jefa ɗanyen itace, zafi ya hau zuwa kamar digiri 950, hayaƙi ya mai da komai baƙi. A nan ne shafin mai laushi ke ɗan narkewa ya liƙe ƙofofinsa. Daga ƙarshe a sake buɗe iska yayin da zafi ke sauka. Jikin tukunya da ba a shafe ba yakan sha iska ya koma ja, shi kuwa shafin da ya riga ya liƙe sai ya tsaya a baƙinsa.

Masu ginin tukwane da ke gashi a fili, a Mirya ko a Bubon, sun san inda hayaƙi ya lulluɓe tukunya yakan yi baƙi. Abin da maginan Atina suka ƙara shi ne sarrafa wannan baƙi har ya tsaya daidai inda aka zana masa, ba tare da wani ma'aunin zafi ba sai ido da ƙwarewa. Idan aka yi kuskure kaɗan, baƙin yakan fito da jajayen tabo, kuma gidajen kayan tarihi na da irin waɗannan tukwane da dama. Wannan bayani na da muhimmanci ga mai nazarin zane, domin yana nuna cewa jan jikin mutumin da ke kan randa shi ne yumɓun randar kansa, tsirara, ba a ɗora masa komai ba. Zane da tukunya abu guda ne tun daga cikin tanderu.

Gaban randa

Randar Sarpedon irin wadda Girkawa ke kira kirater ce, wato babban mazubin da ake gauraya ruwan inabi da ruwa a cikinsa. Tsayinta ya kai kamar santimita 46, faɗin bakinta kamar 55, tana kuma ɗaukar lita 45 ko kusa da haka. Mutum biyu ne suka sa sunansu a jikinta: Euxitheos a matsayin wanda ya gina, Euphronios a matsayin wanda ya zana.

Labarin da ke gabanta daga yaƙin Turoya aka ɗauko shi. Sarpedon sarkin Likiya ne, ɗan Zeyus a tatsuniyoyin addinin Girkawa, ya zo taimakon mutanen Turoya, Patroklos ya kashe shi. A babi na 16 na Iliyad, Homar ya nuna cewa Apolo ne ya ɗauke gawar daga fagen fama, ya wanke ta, ya shafe ta, ya suturta ta, sannan ya miƙa ta ga tagwaye biyu, Barci da Mutuwa, su kai ta gida. Euphronios bai bi wannan tsari sau da ƙafa ba, kuma a inda ya kauce ne gwanintarsa ta bayyana. Ya cire Apolo ya sa Hermes, mai rakiyar matattu, a tsakiya, riƙe da sandarsa. Ya sa wa Barci da Mutuwa kwalkwali da sulke da fukafukai, sun duƙa, Barci na riƙe da ƙafafu, Mutuwa na tallafe da kafaɗu. Gawar kuwa ba a wanke ta ba. An tuɓe mata komai sai sulken ƙwauri, jini na zuba daga raunuka uku, haƙora a cije, hannu na jan ƙasa. Mai waƙa ya ba da labarin karramawar da aka yi wa ɗan sarki bayan mutuwa. Mai zane ya tsaya a daidai lokacin da ake ƙoƙarin ɗaga shi, kafin kowace karramawa ta zo.

Abin da ya fi jan ido shi ne nauyi. Gawar ta fi masu ɗaukarta girma, ta miƙe a gicce kusan daga hannun randa zuwa ɗaya hannun, ƙirjinta na fuskantar mai kallo. Da layin da aka sirka Euphronios ya fitar da haƙarƙari da tsokar ciki da jijiyoyin ƙafa, ya kuma karkatar da zubar jinin gefe guda, don a gane jikin ya fara motsawa. Tsinken baƙar sura ba zai iya wannan ba. Sai dai ba layi kaɗai ya yi aikin ba, siffar randar ma ta taimaka. Irin wannan kirater hannuwanta a ƙasa suke, kusa da gindi, bangonta kuma yana buɗewa zuwa sama kamar fure. Saboda haka mai zane ya sami fili mai faɗi ba tare da hannu ya tsinka shi ba. Ya ajiye gawar a ƙasa inda filin ya fi ƙunci, ya bar fukafukan tagwayen suka bazu zuwa sama inda bakin randa ke buɗewa. A hoton littafi wannan tsari yakan baje. A jikin randa kuwa gawar na lanƙwashe ne bisa kewayen yumɓun, ido ba ya kama ta gaba ɗaya sai ya bi ta daga ƙafa zuwa kai.

Zanen bai rasa rauni ba. Idanun mutanen da ke kallon gefe an zana su tamkar ana kallonsu ta gaba, kamar yadda aka saba a tsohon salo. Tsokokin cikin Sarpedon sun yi tsari fiye da kima, sun fi kusa da ado a kan yadda jikin mamaci ke saki. Mayaƙa biyu da ke tsaye a gefuna, Leodamas da Hippolytos, a sandare suke, aikinsu bai wuce rufe filin ba. Waɗannan alamu ne na mai zanen da ke tsaye tsakanin zamani biyu, ya bar tsohuwar hanya bai gama shimfiɗa sabuwa ba.

Bayan randa

Littattafai da yawa a nan suke tsayawa, alhali rabin magana ce aka ji. A bayan randar babu alloli, babu fukafukai. Samari ne ke shirin yaƙi, suna ɗaukar garkuwa da kwalkwali, ɗaya ya duƙa yana ɗaura sulken ƙwauri, wato abin nan guda da ya rage a jikin Sarpedon a ɗaya gefen. Idan aka ɗauki wannan gefe shi kaɗai, zane ne mai kyau amma ba na musamman ba, kuma hannun Euphronios bai yi zurfi a nan kamar a gaba ba. Ƙarfinsa na zuwa ne daga abin da ke bayansa.

A nan ya kamata a tuna inda ake ajiye irin wannan randa. A Atina, maza masu hali kan taru da dare a wani ɗaki na musamman, su kishingiɗa a kan gadajen da aka jera a jikin bango, su sha, su yi waƙa da muhawara. Girkawa na kiran wannan zama sumposiyon. Ba sa shan ruwan inabi tsantsa, sai an sirka shi da ruwa, kuma a cikin kirater ake yin haka. Ke nan randar ita ce cibiyar zaman, idanu na kanta daga kowace kusurwa. Wanda ke wannan gefe yana ganin samari na ɗamara, wanda ke wancan gefe yana ganin inda ɗamarar ke kaiwa. Duk wanda ya zagaya, ko aka juya masa randar, sai ya haɗa maganar biyu da kansa. Masu shan nan kuwa su ne mayaƙan birnin, domin a Atina ɗan ƙasa mai hali shi ke sayen sulkensa ya fita yaƙi.

Akwai kuma wani rubutu a jikin randar da ke yabon kyawun wani saurayi mai suna Leagros, kamar yadda aka saba rubutawa a tukwanen lokacin. Masana da dama na ganin shi ne Leagros ɗin da ya zama ɗaya daga cikin jagororin rundunar Atina da aka murƙushe a Drabeskos, a ƙasar Tiras, wajajen 465 K.M. Euphronios bai san da wannan ba lokacin da yake zane, shekara hamsin kafin faruwarsa. Amma ya san wa yake yi wa zanen, ya kuma san abin da ke jiran samarin da ake yabo a wurin sha.

Gwani ko ɗan kasuwa?

Masana sun daɗe suna jayayya a kan matsayin mutane irin su Euphronios. John Beazley, malami a jami'ar Oksfod da ya rayu daga 1885 zuwa 1970, ya shafe rayuwarsa yana gane hannun masu zane ta yadda kowannensu ke fitar da kunne ko idon sawu ko ninkin riga. Ya rarraba dubban tukwane ga masu su, ya kuma raɗa wa waɗanda ba su bar suna ba laƙabi, kamar Mai Zanen Balin. Aikinsa ya kafa ilimin fannin, amma ya sa aka riƙa kallon maginan Kerameikos kamar manyan masu zanen Turai na baya, wanda hakan ya ɗaga farashin tukwanen a kasuwa. A 1994 Michael Vickers da David Gill suka fito da wata hujja ta daban: attajiran Girka da azurfa da zinariya suke sha, tukwanen yumɓu kwaikwayo ne mai araha. Farashin da ƴan kasuwa suka karta a gindin waɗansu tukwane na goyon bayansu, domin manyan tukwane masu zane ba su cika wuce dirakma biyu ko uku ba, a zamanin da dirakma ɗaya ke zama ladan yinin ma'aikaci a ƙarshen ƙarni na 5 K.M.

Kowane ɓangare na da rabonsa na gaskiya, amma araha ba ta nufin rashin tunani. A wata tukunya da ke Munik a yau, Euthymides ya zana mashaya uku na rawa, na tsakiya ya juya baya a karkace, sannan ya rubuta a gefe wata ƴar magana mai ma'anar cewa Euphronios bai taɓa yin kamar wannan ba. Mutanen da ke zolayar juna a kan yadda ake zana kafaɗa mai juyawa sun san abin da suke nema. Masu sana'a ne da ke sayar da kayansu don su ci abinci, kuma a cikin sana'ar suke gasar gwaninta. Babu buƙatar a fitar da Euphronios daga ma'aikatar yumɓu kafin a yaba masa. Shi kansa daga baya ya bar zane ya koma sa suna a matsayin magini, waɗansu, irin su Onesimos, na yi masa zanen.

Kabarin da aka fasa

Randar Sarpedon ba a Girka aka same ta ba. Kamar akasarin tukwanen Atina da suka tsira da jikinsu, an kai ta Italiya, ƙasar Etruskawa, waɗanda ke sayen kayan Atina su yi amfani da su, su kuma binne su tare da matattunsu a kaburbura masu ɗakuna. Tonon da aka yi a Vulci a 1828 da 1829 kaɗai ya fito da tukwane fiye da 3,000. Wannan na nufin randar ta yi rayuwa ta biyu a hannun mutane masu wani harshe da wani addini, waɗanda suka ga ya dace hoton gawar da ake mayarwa gida ya kwana kusa da mamacinsu.

A ƙarshen 1971 ɓarayin kaburbura suka fasa wani kabari a Greppe Sant'Angelo, kusa da Cerveteri, suka fitar da ita. Ta bi ta hannun dillalai, aka harhaɗa gutsattsarinta a Zurik, sannan a 1972 gidan kayan tarihi na Metropolitan da ke Niyok ya saye ta daga Robert Hecht a kan dala miliyan 1, farashin da ba a taɓa jin irinsa ba a kan tukunyar Girka. An ce daga wani tsohon tarin iyali a Lebanon ta fito. A 1995 ƴan sanda suka binciki rumbun dillali Giacomo Medici a Janeba, suka sami dubban kayayyaki da hotuna, kuma a 2004 wata kotu a Roma ta same shi da laifin fataucin kayan tarihi na sata. Shari'ar Hecht ta ƙare a 2012 ba tare da hukunci ba, saboda wa'adinta ya wuce. Metropolitan ya amince da mayar da randar a 2006, ta isa Italiya a watan Janairu na 2008, sannan a 2014 aka kai ta gidan kayan tarihi na Cerveteri, kusa da inda aka tono ta.

Hausawa na cewa kyan tafiya dawowa, sai dai randar ba ta dawo da duk abin da ta tafi da shi ba. Ɓarayin ba su rubuta a wane ɗaki take ba, ko kusa da wa, ko da waɗanne kaya. Da masu binciken kimiyya ne suka buɗe kabarin, da an san ko namiji ne ko mace, da an ƙiyasta shekarun da randar ta yi tana aiki kafin a binne ta, da an ɗan leƙa yadda Etruskawa suka fahimci Sarpedon. Wannan ilimi ya tafi a dare ɗaya, kuma babu yarjejeniyar da za ta dawo da shi. Nijar ta ɗanɗana irin wannan asara. Maƙabartar Bura da ke yankin Tera, wadda Boubé Gado ya tona a 1983, ta shahara bayan baje kolin kayan tarihin kwarin kogin Kwara da aka buɗe a Faris a 1993, sai masu haƙar sata suka afka wa wurare da dama na yankin. A shekara ta 2000 Majalisar Gidajen Kayan Tarihi ta Duniya ta sa kayan Bura a jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari. A Tera kamar a Cerveteri, farashin da ake biya a ƙetare shi ke aika mutane da diga cikin dare, kuma abin da ke fitowa kaya ne da aka raba da labarinsa.

Kammalawa

Salon jar sura ya ci gaba a Atina har zuwa wajajen 320 K.M., ya kuma yi rassa a kudancin Italiya. A cikin wannan tsawon lokaci an sami masu zanen da suka fi Euphronios iya ido da ninkin tufafi, amma kaɗan ne suka daidaita labari da siffar tukunya da wurin amfaninta kamar yadda ya yi a randar Sarpedon. Malamin da ke da hoton gabanta kawai zai kyauta idan ya nemo na bayanta ya ajiye su tare, ya gaya wa ɗalibai girmanta da litar da take ɗauka, ya kwatanta musu ɗakin da ake zama kewaye da ita da kabarin da ta kwana a ciki shekara fiye da dubu biyu. Ƙungiyoyin al'adu da ke kula da kayan tarihin gida su ma suna da abin ɗauka a nan, domin rubuta inda aka sami abu, da abin da aka same shi tare da shi, yana cikin adana abin kansa.